Bututun Man Alaska: Shekarun Jinkirin da Suka Gyara Aikin, da Lissafin Matatar Mashi

A shekarar 1968 ne kamfanonin ARCO da Humble Oil suka tono mai a Prudhoe Bay, can ƙuryar arewacin jihar Alaska ta Amurka, a bakin tekun da ƙanƙara ke rufewa mafi yawan watannin shekara. Arzikin da aka samu a wurin ya zarce na kowane filin mai da aka taɓa ganowa a Arewacin Amurka, amma yana kwance ne a inda babu hanyar mota, babu layin dogo, sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili, rana kuma takan yi kusan wata biyu ba ta fito ba. A 1969 an gwada aika wani ƙaton jirgin dakon mai mai suna Manhattan, wanda aka ƙarfafa gabansa don ya riƙa fasa ƙanƙara. Ya je ya dawo, sai dai tafiyar ta nuna cewa ba hanyar da za a dogara da ita rani da damina ba ce. Abin da ya rage shi ne bututu mai faɗin inci 48 da tsawon kilomita kusan 1,290, wato fiye da tafiyar mota daga Katsina zuwa Legas, wanda zai tashi daga Prudhoe Bay ya gangara kudu zuwa Valdez, tashar ruwan da ba ta daskarewa ko a tsakiyar hunturu.

Kamfanonin sun ɗauki aikin da sauƙi. Sun ƙiyasta cewa dala miliyan 900 za ta ishe su, sun yi niyyar binne kusan dukkan bututun a ƙasa kamar yadda suka saba yi a Texas da ƙasashen Larabawa, kuma tun a 1969 suka yi odar ƙarafan daga masana'antun Japan a kan kuɗi kusan dala miliyan 100. Ƙarafan sun iso, aka jibge su a fili, suka yi shekara biyar ana kallonsu, domin sai a watan Maris na 1975 aka shimfiɗa sashe na farko. Masu hannun jari sun ɗauki waɗannan shekaru a matsayin asara tsagwaronta. A nawa ganin, a cikinsu ne aka yi aikin da ya sa bututun yake tsaye har yau, domin a lokacin ne aka tilasta wa masu shi amsa tambayoyi biyu da suka so su tsallake: wace irin ƙasa ce za a bi ta kanta, kuma ƙasar ta wane ne.

Tambayar farko ta masana ƙasa ce. Yawancin arewacin Alaska ƙasa ce daskararriya, wadda ƙanƙarar da ke cikinta ta yi dubban shekaru ba ta narke ba, in ban da ɗan saman da ke saki a lokacin zafi. Ƙanƙarar ce ke riƙe da yashi da laka da tsakuwa wuri guda, har ƙasar ta yi tauri ta ɗauki nauyin gini. Ɗanyen mai kuwa da zafinsa yake fitowa daga rijiya, gugar da yake yi a jikin ƙarfe idan ana tura shi kuma tana ƙara riƙe masa zafin. Binne irin wannan bututu a cikin irin wannan ƙasa daidai yake da ɗora tukunyar da aka sauke daga wuta a kan curin man shanu: wurin zai narke, tukunyar ta nutse ta karkace. A 1970 wani masanin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Arthur Lachenbruch, ya yi lissafin da ya nuna cewa cikin 'yan shekaru bututun zai narkar da ƙasar da ke kewaye da shi ta koma taɓo, ƙarfen ya rasa abin da zai jingina a kai, ya lanƙwashe ko ya tsage. An riga ma an ga alamar haka da ido, domin a hunturun 1968 zuwa 1969 gwamnatin jihar ta sa katafila ta share hanyar wucin gadi zuwa arewa, aka kankare ciyawar da ke kare ƙasar daga zafin rana, da zafi ya zo sai hanyar ta zama dogon kwari cike da ruwa.

Saboda haka aka sake zanen aikin daga tushe. Fiye da rabin bututun, kimanin kilomita 675, aka ɗaga shi sama a kan turakun ƙarfe kusan 78,000, aka naɗe shi da abin hana zafi fita. Amma su ma turakun suna iya kai zafi cikin ƙasa, don haka a wuraren da suka fi rauni aka zura musu wasu siraran bututai rufaffu masu ɗauke da sinadarin amoniya, sama da 120,000. Wanda ya ga hoton bututun zai lura da wasu ƙarafa masu fikafikai da ke tsaye a kan turakun. Su ne kawunan waɗannan bututai. Idan iskar waje ta fi ƙasa sanyi, amoniyar da ke can gindi takan zuƙi zafin ƙasa ta zama tururi ta hau sama, fikafikan su saki zafin cikin iska, tururin ya koma ruwa ya gangaro, haka yake ta zagayawa ba inji ba lantarki. Da zafi ya shigo sai zagayen ya tsaya da kansa, ƙasar kuma ta riga ta tara sanyin da zai kai ta wani hunturun.

Ba a kuma shimfiɗa sashen da ke sama a miƙe ba, an yi shi ne a karkace, yana zuwa dama yana komawa hagu, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kuma tsakanin bututun da babu komai a cikinsa a tsakiyar hunturu da wanda ya cika da mai mai zafi akwai bambancin tsawo mai yawa. Ba a ɗaure shi tamau a kan turakun ba, an ɗora shi ne a kan wasu takalma masu santsi da ke zamewa a kan gungumen ƙarfe. Wannan dabara ta fi nuna amfaninta a inda bututun ya tsallaka tsagin Denali, wurin da aka san ƙasa tana motsi. A nan an kwantar da shi a kan dogayen ƙarafa a saman ƙasa, aka bar masa sararin da zai iya gusawa gefe har kusan mita 6. A ranar 3 ga Nuwamba, 2002, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.9 ta auku, ƙasar da ke ƙarƙashin bututun ta goce gefe da sama da mita 4, wasu turaku suka lalace, amma bututun bai tsage ba, mai bai zuba ba. Da an bi zanen 1969, da wuya a ce haka labarin zai kasance.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko sarƙaƙiya, kuma ita ce mai karatu a Katsina ko Daura zai fi ganewa, domin mun san abin da rigimar fili take haifarwa. Amurka ta sayi Alaska daga Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2 ba tare da an tambayi mutanen da aka tarar a wurin ba, kuma har Alaska ta zama jiha a 1959 ba a warware matsayin filayen da suke farauta da su a kai ba. A 1966 sakataren harkokin cikin gida, Stewart Udall, ya dakatar da rabon filayen gwamnatin tarayya a jihar har sai an sasanta da 'yan asalin ƙasar. Da maganar bututu ta taso, wasu ƙauyuka da ke kan hanyarsa, ciki har da Stevens Village a bakin kogin Yukon, suka garzaya kotu, kuma a watan Afrilun 1970 wani alƙali a Washington ya hana bayar da izinin aikin. A nan ne lissafin ya juya. Kamfanonin mai, waɗanda da ba ruwansu da haƙƙin kowa, suka ga cewa kuɗinsu ba zai motsa ba sai an sallami masu ƙasa, sai suka koma suna matsa wa majalisa lamba ta gaggauta sulhu. A watan Disambar 1971 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar da ta mallaka wa 'yan asalin Alaska eka miliyan 44 da kuma dala miliyan 962.5, a madadin su janye da'awarsu a kan sauran ƙasar.

Abin lura shi ne yadda aka biya. Ba a raba kuɗin hannu da hannu an watse ba; an kafa manyan kamfanoni 12 na yankuna da sama da 200 na ƙauyuka, aka ba su filayen da kuɗin, kowane ɗan asalin ƙasar kuma ya zama mai hannun jari. Tsarin yana da masu sukarsa har yau, domin wasu kamfanonin sun bunƙasa wasu sun durƙushe, akwai kuma masu ganin cewa an mayar da ƙasar kakanni kadarar kasuwanci. Duk da haka ya sha bamban da abin da muka saba gani a nan idan babban aiki zai ratsa gonaki, inda ma'aikatan ƙiyasi kan zo da takarda su ƙirga bishiyoyin gawo da kuka da ɗorawa, su auna abin da aka shuka a wannan daminar, su rubuta adadi, manomi ya dangwala yatsa, daga nan kuma alaƙarsa da aikin ta ƙare ko da aikin zai shekara hamsin yana kawo kuɗi. Makiyayi kuwa, wanda burtalinsa ne aka datse, sau da yawa ko sunansa ba ya shiga takardar. A Alaska har dabbobin dawa sai da aka yi lissafinsu: an ɗaga bututun sosai a ɗaruruwan wurare, a wasu kuma an nutsar da shi ƙasa, don garken karibu, wata irin barewar ƙasashen sanyi da mutanen yankin ke rayuwa a kan namanta, su sami hanyar wucewa.

Ƙungiyoyin kare muhalli su ma sun shigar da tasu ƙarar, suna dogaro da sabuwar dokar da ta fara aiki a farkon 1970, wadda ta wajabta nazarin illar kowane babban aiki kafin a ba shi izini, da kuma wata tsohuwar doka ta 1920 da ta taƙaita faɗin filin da za a ba bututu. Sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a farkon 1973, magana ta koma majalisa. A watan Yulin shekarar aka kaɗa ƙuri'a a majalisar dattawa kan a rufe ƙofar ƙarin shari'a a kan batun muhalli, aka yi kunnen doki 49 da 49, sai mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew ya raba gardama da tasa ƙuri'ar. A watan Oktoba ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, layuka suka cika gidajen mai, ragowar adawar ta narke, Nixon ya sa hannu a kan dokar izini a ranar 16 ga Nuwamba, 1973. Ba zan ce an bi wannan mataki na ƙarshe da tsabta ba, domin rufe wa mutane ƙofar kotu ba ƙaramin abu ba ne, amma a lokacin masu ƙarar sun riga sun tilasta sauya zanen.

Ginin kansa ya tafi da sauri. A 1974 kamfanin Alyeska, wanda masu man suka kafa don aikin, ya shimfiɗa hanyar tsakuwa daga kogin Yukon zuwa Prudhoe Bay cikin wata biyar. Bututun ya haye jerin duwatsu uku, Brooks da Alaska da Chugach, ya tsallaka koguna da rafuka sama da 800. A ƙarshen 1975 ma'aikata sun haura 28,000 a lokaci guda, kuma kimanin mutum 70,000 ne suka taɓa aikin daga farkonsa zuwa ƙarshe. Gaggawar ta zo da nata aibin, domin an gano cewa an yi maguɗi a hotunan da ake ɗauka don tabbatar da ingancin walda, aka sake bin kusan mahaɗai 4,000, wasu ma sai da aka tono su daga inda aka binne. Mai ya fara shiga bututun a ranar 20 ga Yuni, 1977, jirgin farko ya bar Valdez a ranar 1 ga Agusta, kuɗin da aka kashe kuma ya kai kusan dala biliyan 8, kusan ninki tara na ƙiyasin farko.

Babban bala'in da ya biyo baya a teku ya auku, a sashen da aka fi sakaci da shi. A watan Maris na 1989 jirgin Exxon Valdez ya daki dutse jim kaɗan bayan ya bar tashar, ganga kusan 260,000 ta malale a ruwa, ta kashe tsuntsaye da dabbobin ruwa ba adadi, ta gurgunta sana'ar masunta na shekaru. Shi kansa bututun ya gamu da ɓarna jefi-jefi, kamar a 2001 da wani ya harbe shi da bindiga ya huda shi, amma hakan bai zama sana'a ba kamar yadda fasa bututu ya zama a Neja Delta, inda gobarar Jesse ta 1998 kaɗai ta ci rayuka sama da dubu. Dalilan suna da yawa, ciki har da ƙarancin jama'a a kan hanyarsa da kuma rashin kasuwar da za a kai man sata. Sai dai ina ganin akwai wani dalilin da ba a cika ambata ba. A 1976 mutanen Alaska suka gyara tsarin mulkin jiharsu suka kafa asusun dindindin, wanda ake zuba aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin haƙƙin ma'adinai a ciki, kuma tun 1982 ake raba wa kowane mazaunin jihar wani kaso na ribar asusun duk shekara, farawa da dala 1,000. Mutumin da yake karɓar rabonsa a hannu yana kallon bututu da wani ido daban da na wanda sai dai ya ji a rediyo cewa an ware wa jiharsa kashi 13 cikin ɗari na kuɗin man da aka haƙo a cikinta.

Matsalar da ke damun bututun a yau ta ƙarancin mai ce. A 1988 yana ɗaukar ganga miliyan 2 a kullum, yanzu kuwa abin da ke bi ta cikinsa bai kai rubu'in haka ba, domin rijiyoyin Prudhoe Bay sun tsufa. Idan mai ya ragu a cikin bututu mai wannan faɗi, tafiyarsa takan yi nawa: abin da yake isa Valdez cikin kwana huɗu zuwa biyar a da, yanzu yakan haura mako biyu. Yana tafe yana hucewa, kakin da ke cikinsa yana manne wa bangon ƙarfe, ruwan da ke gauraye da shi yana warewa yana neman daskarewa, har ta kai ana ɗumama man a hanya ana kuma yawaita tura na'urar da ke kankare cikin bututun. Bututu yana da adadin da idan aka gaza shi, kuɗin kula da shi zai cinye ribarsa, kuma wannan ne ya sa kowace gwamnatin Alaska take neman a buɗe sababbin filayen haƙa.

Wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya bar Daura ya tsallaka ta Kongolam ya shiga ƙasar Damagaram, ya shiga yankin da man Agadem yake ratsawa. Nijar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na China a 2008, a 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a kullum, sannan a 2019 aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Benin, don fitar da ganga 90,000 a kullum. Rairayin hamada bai ba injiniyoyi wahalar da ƙanƙarar Alaska ta bayar ba, aikin ya kammala cikin 'yan shekaru duk da annobar korona. Tambayar ƙasa da masu ita ce ta zo daga baya, kuma ta zo da ƙarfi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, iyakar Nijar da Benin ta rufe, a watan Mayun 2024 Shugaba Talon ya hana lodin man har sai da China ta shiga tsakani, a watan Yuni aka kama wasu 'yan Nijar a tashar Seme, gwamnatin Janar Tiani ta rufe famfo, a cikin watan kuma wata ƙungiyar 'yan tawaye ta fasa wani sashe na bututun. Alaska ta yi rigimarta a kotu da majalisa tun ƙarafa suna jibge a fili, Nijar kuwa tana yin tata bayan an cika bututun da mai kuma bashi yana jiran biya.

A watan Yulin 2018, zamanin Shugaba Buhari da Shugaba Issoufou, Najeriya da Nijar sun sa hannu a Abuja kan takardar fahimtar juna don gina matatar mai a Jihar Katsina, aka ambaci Mashi, tare da bututun da zai kawo mata ɗanyen mai daga Nijar, aka kuma yi maganar tace ganga 100,000 zuwa 150,000 a kullum. Har yau idan hira ta biyo ta kan tsadar fetur, a tasha ko a gaban teburin ɗan bumburutu, akan ji wani ya tambayi inda maganar ta kwana, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce ta siyasa da rashin cika alkawari. Ban musanta wannan ba, amma alƙaluman sun isa su bayyana abin da ya faru. Dukkan abin da aka tsara Agadem zai fitar a wannan mataki ganga 110,000 ne a kullum. 20,000 na SORAZ ne, 90,000 kuma an riga an ɗaura musu aure da bututun Benin, wanda kamfanin da ke haƙo man ne ya zuba kuɗin gina shi kuma ta cikinsa yake sa ran mayar da jarinsa. Matatar da ke buƙatar ganga dubu ɗari a Mashi ba ta da inda za ta samo su, sai dai idan an gano sabon mai mai yawa a Nijar, ko kuma rijiyoyin Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 tsakanin Bauchi da Gombe sun tabbatar da adadin da zai biya kuɗin jan wani bututun zuwa nan. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 a kan dogaro da ɗanyen man da ake turowa daga Escravos ta bututu mai ɗaruruwan kilomita, ta riga ta nuna abin da ke samun matatar da ke nesa da rijiya idan abin da ke ciyar da ita ya yanke. Duk mai son farfaɗo da maganar Mashi, ko ɗan majalisa ne ko ɗan kasuwa, abin da ya kamata a fara nema a hannunsa shi ne takardar da ke nuna rijiyar da man zai fito, ganga nawa ne a kullum, na shekara nawa, da kuma abin da aka tanadar wa garuruwa da burtalan da bututun zai ratsa.